FILIN UWARGIDA: Naɗin Nama Da Cuku, Da Romon Tsomawa

 

Wata baiwar Allah ce ta rubuto mini wasiƙa tana kuka da gasasshen nama. Ta ce duk ranar da ta daure ta sayi tsokar naman sa ta gasa a tanderu, a ranar kowa sai ya lashe hannu, amma abin da ya kwana, washegari sai ya koma kamar fatar takalmi, yara su tauna su tauna su tofar, maigida kuwa ya ture kwano gefe. Ta ce ta gaji da jefa shi cikin miya, ko akwai wata dabara? To 'yar'uwa, akwai. Kuma da yadda nama ya yi tsada yanzu, ba na jin akwai matar da za ta so ko loma ɗaya ta tafi bakin kyanwa. Dabarar kuwa ta mutanen Amurka ce. Ana yanka naman siri-siri, a naɗe shi da cuku cikin wani falen burodi da ake kira tortiya, a gasa har bayansa ya yi garas-garas, sa'an nan a ci ana tsomawa cikin romo mai zafi.

Ni a birnin Niyok na fara ganinsa, sa'ad da na je zaman jego wajen 'yata a unguwar Bronx, inda mutanenmu na zango suke da dama. Da ta yi arba'in ta koma aiki, sai na lura ran Lahadi takan gasa babbar tsoka guda, a ci rabi da shinkafa, rabin kuma ta adana. Ran Litinin da ta dawo a gajiye, cikin rabin awa sai ta ajiye mana wannan naɗi a faranti, kowa da ɗan kofinsa na romo a gefe. Da farko na ɗauka shawarma ce. Da na tsoma na kai baki, na ga ashe wani abu ne dabam, domin babu ganye, babu mayonis, naman ne kawai da cuku da albasa, romon nan kuwa shi ya mayar wa naman duk laushin da ya rasa a firij.

Da na dawo gida sai na ce bari in burge dangin maigida da suka zo mini sannu da zuwa. Na gasa nama kilo guda, na sayo cuku mai tsada a kanti, na murza tortiya har goma. Wajen naɗewa sai wayo ya ci ni, na ce tun da romon ne daɗin abin, me zai hana in zuba shi ciki tun kafin gashi, don kada naman ya bushe? Na zuba cokali bibbiyu. Da na buɗe tanderu, wallahi abin da na tarar kamar jiƙaƙƙen tsumma, duk sun manne a faranti, cuku ya tsere ta gefe ya ƙone. Da cokali muka kwashe. Ƙanwar maigida ta ce ai ko faten Turawa ma da daɗi, ni kuwa na san magana ce ta yaɓa mini. Da dare na kira 'yata na ba ta labari, ta yi ta dariya, ta ce, "Haba Mama, ai romo a kofinsa yake zama, sai a baki suke haɗuwa." Wannan kalma tata ita ce dukan girkin. Naɗin ya shiga wuta a bushe, ya fito a bushe, sai a kan tebur ya sha romo.

Asalin abin ma haka yake. Wannan naɗi jika ne ga wani burodi mai nama a tsakiya da Amurkawa ke kira French dip, watau tsomin Faransa, ko da yake ba daga Faransa ya zo ba. A birnin Los Anjalis na jihar Kalifoniya aka haife shi, kuma gidajen abinci biyu ne suka daɗe suna jayayya a kan wanda ya ƙirƙiro shi, dukansu kuwa a 1908 aka buɗe su. Na farko shi ne gidan Philippe, wanda wani Bafaranshe mai suna Philippe Mathieu ya kafa. Su labarinsu shi ne a 1918 yana haɗa wa wani ɗan sanda burodi da nama, sai burodin ya suɓuce masa ya faɗa cikin kaskon da aka gasa nama, ɗan sandan ya ce a ba shi haka nan, washegari ya dawo da abokansa suna neman irinsa. Na biyu shi ne gidan Cole's, su kuma suka ce tun 1908 suka tsoma wa wani mai ciwon dasashi burodi a romo don ya iya tauna. Kowa ya ɗauki wanda ya ga dama. Ni dai abin da na lura da shi, a duka labaran biyu burodin a bushe yake har zuwa lokacin da za a ci. Daga baya, a shekarun 1990, da yayin naɗe kowane irin abinci cikin tortiya ya bazu daga Kalifoniya zuwa sauran ƙasar, sai wasu matan gida suka fara yin sa a naɗi maimakon burodin.

Ita kuwa tortiya 'yar ƙasar Meksiko ce. Ta asali da masara ake yin ta, wadda aka dafa da ruwan farar ƙasa ko toka kafin a niƙa, kuma haka mutanen wurin ke ci tun ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su iso. Da Sifaniyawa suka ci ƙasar da yaƙi a 1521 sai suka kawo alkama, ta karɓu a arewacin ƙasar, irin su jihohin Sonora da Chihuahua, daga nan aka samu tortiyar fulawa. Ta fulawar ce muke so a wannan girki, domin tana miƙewa tana lanƙwasuwa, ta masara kuwa ƙarama ce, da an ce za a naɗe ta da nama da yawa sai ta tsage.

Sai dai a nan akwai abin lura, musamman ga 'yan'uwanmu da ke ƙasashen waje da masu saye a manyan kantuna. Tortiyar fulawa ta gargajiya da man alade ake kwaɓa ta. Kamfanoni da yawa sun koma man gyaɗa da danginsa, amma ba duka ba, kuma a gidajen abinci na 'yan Meksiko har yanzu ana samun masu yi da shi. Saboda haka uwargida ki juya leda ki karanta kafin ki biya kuɗi. Da Ingilishi lard ake rubutawa, da Faransanci saindoux, da Sifaniyanci manteca de cerdo. In kin ga ɗaya daga cikinsu ki mayar kan kanta.

Ni ma dai ban ga abin da zai sa a saya ba, don yin ta bai kai wahalar fanke ba. Ki auna fulawa gwangwanin madara uku masu ɗan tozo, watau kamar giram 300, ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya da man gyaɗa babban cokali huɗu, ki murtsuke da yatsu har man ya ɓace cikin garin. Sai ki kawo ruwa mai ɗumi, gwangwani ɗaya da ɗan ƙari, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina kwaɓawa. Ba a sa yis. Ki murza kwaɓin kamar minti biyar har ya yi santsi ya daina kama hannu, ki raba shi gida takwas, ki mulmula, ki rufe da kyalle mai ɗan danshi ya huta rabin awa. Kada ki tsallake hutun nan don sauri. Kwaɓin da bai huta ba, kina murzawa yana komawa baya kamar roba, ki yi ta fama har ki ji haushi. Bayan hutun sai ki barbaɗa fulawa a tebur ki murza kowane da abin murzawa, ko kwalba mai tsabta, har ya kai faɗin faranti, siririn da kina iya hangen inuwar hannunki ta ciki. Ki ɗora kasko busasshe ba mai, ya yi zafi sosai, ki shimfiɗa. Cikin rabin minti za ki ga yana kumbura ƙananan ƙuraje, ki juya, ki ba shi wani rabin minti, ki sauke. Kada ki bari ya gasu sosai, tun da zai sake shiga wuta. Duk wanda kika sauke ki lulluɓe shi cikin tawul tare da 'yan'uwansa, tururinsu ne zai sa su yi laushi. In ranar ba ki da hali, burodin shawarma na Larabawa yana maye gurbi, sai dai ki ɗan ɗumama shi don shi mai saurin karyewa ne.

Sai maganar nama. Wadda take da ragowar gashi ta huta. Wadda za ta fara daga farko, ta ce wa mahauci ya ba ta tsokar cinya kilo guda dunƙule, kada ya daddatsa mata, ta kuma roƙi ƙashi biyu ko uku masu ɓargo, domin za su yi aiki a gaba. Ki tsane naman da kyalle, ki shafe shi da gishiri da masoro da dakakkiyar tafarnuwa. Ki sa mai kaɗan a tukunya mai kauri, ya yi zafi, ki ɗora naman, ki bar shi kada ki yi ta juyawa, sai kowane gefe ya yi ja ya nufi baƙi-baƙi. Wannan jan shi ne ƙamshin gashi, kuma abin da ya manne a gindin tukunya shi ne jarin romonki, kada wanda ya wanke miki. Wani likita Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ne ya bayyana a 1912 yadda zafi ke haɗa sukari da sinadaran nama su ba da wannan launi da ƙamshi, har Turawa suka sa wa abin sunansa, ko da yake masu tsire da balangu sun san aikin tun ba a haifi kakansa ba.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Littattafan girkin Amurka za su ce ki sa shi a tanderu a buɗe kamar awa guda, ki fito da shi cikinsa da sauran ja-ja. Wannan ya dace da shanunsu, waɗanda ake turkewa a ciyar da hatsi har kitse ya ratsa tsoka. Namu shanun kuwa matafiya ne, sun sha kiwo sun sha hanya, tsokarsu ba kitse kuma da tauri. Na gwada hanyarsu da naman kasuwarmu, haƙora suka gaya mini. Abin da ya fi mana shi ne ki yanka albasa biyu ki shimfiɗa a ƙarƙashin naman, ki jefa ƙasusuwan, ki zuba ruwa kofi biyu, ki rufe ruf, ki sa a tanderu a digiri 160 na ma'aunin Salshiyas, awa biyu da rabi zuwa uku, har cokali mai yatsu ya shige ba gardama. A kan gawayi ma yana yiwuwa in wutar ta yi sanyi-sanyi. Ga masu bin littattafan can, ku tuna su da ma'aunin Faranhait suke lissafi, digiri 400 nasu kusan 200 ne namu. Na san wadda ta ga 400 ta murɗa tanderunta har ƙarshe.

In ya nuna ki tsame shi ki bar shi ya huce, in da hali ma ya kwana a firij, domin nama mai zafi ba ya yankuwa siriri, farfashewa yake. Sa'an nan ki dubi naman da kyau, za ki ga zarensa ya miƙe ta fuska ɗaya kamar na rake. Ki datse zaren a gicciye, kada ki bi shi a tsaye. Wannan kaɗai yana iya zama maganin fatar takalmin da 'yar'uwarmu ta yi kuka da ita, don zare gajere ba ya wahalar da haƙori. Ki wasa wuƙa, ki yanka kamar kaurin kilishi.

To yanzu mun zo ga romo, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki, domin kowa na iya naɗe nama, amma a romo ake gane mai girki. Faransawa na cewa au jus, ma'ana da ruwan jikinsa, watau ruwan da naman ya fitar da kansa. A Amurka ana sayar da garinsa a 'yar takarda, a kaɗa a ruwan zafi, na ɗanɗana, gishiri ne da launi, romon baka kawai. Ke kuwa kina da na gaske a tukunyarki. Ki yanka manyan albasa biyu siri-siri, irin jar nan ta Galmi ko ta Bawku in kin samu, ki soya da man shanu cokali ɗaya a wuta kaɗan, kina juyawa, minti ashirin ko fiye, har ta yi laushi ta koma launin zuma. Ki kwashe kashi biyu cikin uku ki ajiye don cikin naɗi. A kan ragowar ki tace ruwan da naman ya dahu a ciki, ki zuba ɗan ruwan zafi a tukunyar naman ki kankare duk abin da ya manne ki haɗa. In duka bai kai rabin lita ba ki cika da ruwa. Wadda ragowar gashi kawai take da shi ba ruwa, ta dafa ƙashi da albasa da 'yan gutsattsarin gefen naman awa ɗaya da rabi, zai tsaya mata.

Amurkawa kan sa babban cokali ɗaya na wani baƙin ruwan ɗanɗano na Ingila mai suna Worcestershire, wanda kamfanin Lea & Perrins ya fara sayarwa a 1837. Sunan da wuyar faɗa, amma in kika karanta bayan kwalbar za ki ga tsamiya ce da ruwan kal da albasa da tafarnuwa da ƙananan kifi da sukari. Saboda haka in babu shi kada ki damu, ki jiƙa tsamiya kaɗan ki sa ruwanta ƙaramin cokali biyu da ɗan sukari a bakin cokali. Aikinsa dai ya ɗan tsinka maiƙon, ba wai a ji tsami ba. Wasu littattafan kuma za su ce a zuba giyar inabi, su ƙara da cewa wai duk tana ƙonewa a wuta. Ba haka ba ne. Jadawalin Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ya nuna bayan minti 15 ana dafawa kashi 40 cikin 100 na barasar na nan, ko bayan awa biyu da rabi ma da sauran kashi 5. A bar ta, romon bai rasa kome ba. Wanda kuma zai ci a gidan abinci a can ya tambaya.

Ki bar romon ya yi ta ɓararraka a hankali ba murfi har kashi ɗaya cikin uku ya ƙone. Sai a ƙarshe za ki ɗanɗana ki sa gishiri ko rabin dunƙulen magi, don in kin sa tun farko, ruwa na raguwa gishiri na ƙaruwa. Ki kwashe maiƙon da ya taso da cokali, ki tace. Kada ki sa fulawa ko tumatir don ya yi kauri. Ba miya ba ce. Tsinkakke ake so, kamar baƙin shayi, yadda zai ratsa cikin naɗin nan take. Ni nakan jefa attarugu guda ɗaya ban fasa ba, in tsame kafin a kai tebur, don bakinmu bai saba da lami ba.

Cuku kuma shi ne inda mata da yawa ke asarar kuɗi. Kada ki ce za ki sa wagashi. Wagashi abin kirki ne a miya da suya, amma da ruwan tumfafiya ake daskarar da shi a kan wuta, kuma ke ma shaida ce ko a tafasasshen mai aka jefa shi ba ya narkewa. Haka busasshen cukun da ake kawowa daga Nijar, na shan shayi ne da taunawa. A wannan girki kuwa aikin cuku shi ne ya narke ya zama danƙo, ya riƙe nama da tortiya wuri ɗaya, yadda in an tsoma naman ba zai zube cikin kofi ba. Amurkawa sun fi sa provolone, wani cukun Italiya, ko na Suwizalan mai huji-huji da ake kira emmental. Mozzarella, wanda ake sa wa fiza, ya fi kowanne saukin samu a kantunanmu, yana jan zare da kyau, sai dai ba shi da ɗanɗano sosai, don haka yana son romo mai ƙarfi. Gouda da edam ma suna yi. Giram 200 ya ishi naɗi takwas in kin gurza shi a magogi, gurzajje ya fi yankakke auki. In duk babu, ɗan cukun nan mai hoton saniya tana dariya, La Vache qui rit, ki shafa guda ɗaya a kowace tortiya. Ba zai ja zare ba, amma zai riƙe. Da babu gara ba daɗi.

Haɗawa ba ta da wuya. Ki kunna tanderu tun da wuri ya kai digiri 200, kada ki sa naɗi a tanderu mai sanyi, zai bushe kafin ya yi ja. Ki shimfiɗa tortiya mai ɗumi, ki barbaɗa rabin cukunta a ɓangaren da ke kusa da ke, ki bar kamar faɗin yatsu biyu a gefe-gefe ba kome. Ki ɗora nama kamar cikin tafin hannu, a sassauce, kada ki danna shi ya dunƙule. Ki sa soyayyiyar albasa, bayan kin matse man da cokali, ki rufe da ragowar cuku. Cuku a ƙasa, cuku a sama, shi ne katangar da ke hana danshin nama isa ga tortiya. In naman ya yi mugun bushewa, an yarda ki tsoma shi a romo ki tsame ki matse sosai kafin ki ɗora, amma zuba romo da cokali kam, kun ji yadda ta kaya da ni. Ki lanƙwaso gefen dama da na hagu ciki, ki naɗe daga wajenki zuwa gaba, tamau kamar tabarma. Zari ne ke fasa naɗi, in kin cika shi da yawa zai buɗe a wuta.

Ki shafa wa faranti mai kaɗan, ki jera su bakin naɗin yana ƙasa, da ɗan fili tsakaninsu don iska mai zafi ta zaga. Ki shafe bayansu da narkakken man shanu, in kina so da ɗan tafarnuwa a ciki. Minti 12 zuwa 15 ya isa, ki juya su sau ɗaya bayan minti takwas. Kada ki rufe su da takardar alminiyam, tururi zai kama su su yi laushi. Da kin ga sun yi ja, cuku ya fara leƙowa ta baki, ki fito da su ki ba su minti uku su natsu kafin ki yanka kowane gida biyu a karkace. Yankan karkace ba ado ba ne kawai, bakin ya fi faɗi, ya fi ɗibar romo.

Wadda ba ta da tanderu ba a bar ta a baya ba. Yadda muke gasa kek haka za ki yi: babbar tukunya da yashi ko tsakuwa a gindi, ta yi zafi a kan gawayi, ki ɗora farantin a kai, ki rufe, ki zuba garwashi a kan murfi. Ko kuma ki sa su a kasko da ɗan man shanu a wuta matsakaiciya, bakin naɗin a ƙasa tukuna don ya like, kina juyawa har kowane gefe ya yi ja. Gaskiya ma na kaskon ya fi garas-garas, sai dai guda biyu-biyu za ki yi ta yi, na farko ya huce kafin na ƙarshe ya sauka.

Tun da maganar ragowar nama muke, dole in ja kunne. Dafaffen nama ba ya wuce awa biyu a waje ba a sa shi a firij ba, a lokacin zafi kuwa, in ana sama da digiri 32, awa ɗaya ce. A firij kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa, wannan ma in wutar lantarki ta tsaya, in an ɗauke ta dare guda lissafi ya rushe. In an zo ɗumamawa cikinsa ya kai digiri 74, watau in kin yanka naɗin ki ga tururi na fita daga tsakiya. Naman da ya fito daga firij da sanyinsa ba lalle ne ya kai haka cikin minti 12 ba, saboda haka ki fara ɗumama shi a kasko. Masu juna biyu su fi kowa kula, musamman da yankakken naman kanti da ake sayarwa a leda, domin akwai ƙwayar cuta mai suna listeriya da ke iya yaɗuwa ko a cikin sanyin firij, tana kuma iya jawo ɓari. Zafi sosai ne ke kashe ta.

Wajen ci, kowa a ba shi nasa kofin romo, ƙaramin kofin shayi ya isa, kuma ya zo da zafinsa, don romon sa in ya huce kitse ke kama dasashi. A tsoma bakin naɗin, a ƙirga ɗaya, biyu, a ɗaga a ciza. Yara za su so su jefa shi ciki gaba ɗaya su bar shi yana iyo, a hana su. Romon da ya rage a tukunya, wanda ba a tsoma kome ciki ba, ki adana shi ki dafa shinkafar gobe da shi.

'Yar'uwar da ta rubuto, ki gwada ki aiko mini da yadda kuka ƙare da maigidan. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.